Na San Babu Birki, Na Yi Shiru

Assalamu alaikum Edita, da 'yan'uwana masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta na wasu ina girgiza kai, yau ga nawa. Ba zan kama sunan kowa ba, don duk waɗanda zancen ya shafa suna nan da ransu, kuma har gobe ƙofa ɗaya muke shiga da fita. Abin da zan ba ku labarinsa shi ya sa 'yata ta fari take ɗingishi, kuma haka za ta yi ta yi iyakar rayuwarta. Shekara uku ke nan, amma har yanzu haushin bai bar ni ba.

Ƙwal! Da wannan 'yar ƙara komai ya fara. Ina ɗakin girki ina tankaɗen garin masara bayan la'asar na ji wani abu ya faɗa cikin kwano, can kuma na sake jin ƙwal, ƙwal. Da na leƙo sai ga maigidana tsugune a tsakar gida, ya ɗauko kwanon shan da mahaifiyata ta sako mini cikin kayan ɗaki, yana kwance notuna yana jefawa a ciki. A gabansa an jingine wani abu da bango, wanda in ba an faɗa maka ba, ba za ka ce babur ba ne. Tayoyinsa biyu sun lotse, tanki ya ci tsatsa, siti ya yage soso ya leƙo, har zanzaro ya yi gini a jikin injin.

A lokacin shekarata ashirin da bakwai, tara daga ciki a gidan miji, a wani ƙauye tsakanin Funtua da Maska. 'Ya'yana uku. Na gama sakandare kafin a yi mini aure, ba na wasa da Islamiyyar matan aure, kuma a dangin mijina in ana neman misalin mace mai kunya ni ake nunawa. Ban taɓa ɗaga ido na kalli surukina ba. Ban taɓa kai loma baki a gaban surukata ba. In ta ce wa sauran matan gidan su yi koyi da ni, sai in sunkuyar da kai kamar ban so ba, alhali a ciki daɗi nake ji. Wannan yabon shi ne ramin da na faɗa, sai dai ban sani ba tukuna.

Maigidan ya ce wajen wani mutum ya samo shi a hanyar Malumfashi, ya shekara da shekaru yashe a zaure, har an kira 'yan gwangwan za su ɗauka sai Allah ya kai shi. Kuɗinsa ko na tunkiya bai kai ba. Wai mutumin ya rantse masa cewa lafiyarsa ƙalau, kwanciya ce kawai ta yi masa yawa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, na ce to Allah ya tashi kafaɗunsa. Amma raina bai ƙi ba, tausayinsa ma na ji. Manomi ne, gonarmu tana can ƙetaren rafi, kullum a ƙafa yake zuwa ya dawo. Na sha ganinsa da buhun taki a ka. Na sha ganin yadda fuskarsa take canzawa in ya je aron babur wajen ƙannensa aka ce masa babu mai. Don haka na bar masa kwanon, na ce Allah ya sa albarka.

Tun ƙarshen rani aka fara jinyar nan, har damina ta shigo ta fita. Duk ranar kasuwa in ya shiga Funtua sai ya dawo da wani abu a baƙar leda, yau fulogi, wani makon sarƙa, wani makon zoben fistin. Akwai wani bakanike na bakin titi da ya zo sau biyu ya buɗe injin, sauran aikin kuwa maigidan ne ya riƙa yi da kansa, da sifana biyu da guduma. Ni ce na zama ma'ajiyarsa, don shi in ya kwance abu sai ya manta inda ya fito. Na yago takarda daga tsohon littafin makaranta ina zana masa kowane noti da mazauninsa. Na wanke kafireto da fetur da tsohon burushin haƙori. Zannuwana biyu suka koma tsumma, tsakar gidana da nake sharewa sau uku a rana ta koma baƙa ƙirin da baƙin mai. A babban gida kuwa ba abin da ake yi sai tsiya. Surukata ta sa masa suna mai jinyar gawa, ƙannensa in sun shigo gaisuwa sai su tambaye shi ya mai jiki, ko ya fara shan kunu. Yana dariya, amma na san abin yana cinsa.

Ranar da babur ɗin ya tashi ba zan manta da ita ba. Maigidan ya yi ta taka kik har gumi ya jiƙa masa riga, sai kawai injin ya yi tari sau biyu ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, kaji suka watse, yara suna tsalle suna ihu. Ni da ba a jin muryata a gidan sai da na rangaɗa guɗa. Na ga mijina yana dariya kamar yaron da aka ɗinka wa kayan sallah. Gaskiya ita ce a ranar ni ma na so baburin nan.

To ga inda gizo yake saƙar. Birkin gaba tun zuwansa ba shi da waya, hannunsa reto kawai yake yi. Na baya kuwa, ranar da aka cire taya don a sa sabon tib, bakaniken ya zaro wasu ƙarafa biyu masu lanƙwasa daga cikin cibiyar tayar, su ne suke kira takalman birki, su ne suke damƙe tayar in an taka. Sun cinye tas, sai ƙarfe tsirara. Ya ce waɗannan sun gama aiki, a kai su Funtua a gwada a sayo irinsu. Maigidan ya zuba su a leda ya miƙo mini, ni da hannuna na rataye su a ƙusa a bayan ƙofar ɗakina. Sai ya mayar da tayar haka nan, cikinta wayam, wai don ya samu ya ɗan gwada injin a bayan gari kafin ranar kasuwa.

Ranar kasuwa ta zo, ya dawo da ledarsa. Na buɗe, sai ga jan fenti da madubai biyu da rigar siti mai geza. Na tambaye shi takalman birki fa, ya ce af, ya manta, sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa ya dawo da hon da fitila. Ledar tsofaffin takalman birkin tana nan rataye a bayan ƙofa, ko ɗaukarta bai yi ba. Duk abin da ido zai gani ko kunne zai ji ya saya, don waɗanda suka yi masa dariya su gani su ji. Abin da ba wanda zai gani, wanda kuma shi ne ran mutum yake rataye a kai, shi ya bari. Ya fara zuwa gona da shi a haka. Da na yi magana sai ya ce birki na matsorata ne, gwanin tuƙi da giya yake tsayawa, ya ɗaga mini takalminsa na roba in ga yadda dunduniyar ta cinye wajen jan ƙasa, yana nuna mini kamar abin alfahari. Na ce to ko makulli a sa masa, tunda waya aka haɗa kai tsaye, kowa ya taka zai tashi. Ya ce wa zai taɓa masa abu a cikin gidansa. Na ce to ya faɗa wa mazan babban gida, don kada wani ya zo aro. Nan ne ya fusata. Ya ce wata shida ana yi masa dariya, yanzu da bakin kowa ya mutu ne zan sa ya je ya yi shelar cewa aikinsa bai kammala ba? Ya ce kada ya kuskura ya ji zancen nan a bakin kowa. Na ce to. Kalmar nan ta "to" ita na fi iya faɗa a duniya.

Sai na ɗan yi bayani ga waɗanda abin bai kai gidajensu da ƙarfi ba. A danginsu mijina kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. 'Yata ta fari tana da shekara takwas a lokacin, kuma tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce "ke" ko "yarinyar nan". Tun da aka yaye ta a ɗakin kakarta take kwana. Anti take ce mini, kamar yadda ƙannen babanta suke kirana. In ta faɗi a gaban mutane ba ni zan ɗaga ta ba. In an yabe ta sai in kau da kai, in an dake ta sai in yi kamar ban gani ba. Ina sonta kamar in tsaga cikina in mayar da ita, amma so ne na ɓoye, sai mun kaɗaice nake tura mata tsokar nama a ƙasan tuwo. Kuma da wannan ma ake yabona.

Ranar wata Talata ce cikin kaka, ana karyar masara. Maigidan ya yi sammako ya bi motar da za ta kwaso amfanin gona, ya bar baburin a tsakar gida yana ƙyalli. Da hantsi na gama dafa wa 'yan ƙwadago dambu, na zuba a babbar kula, yarinyar za ta kai musu kamar yadda ta saba, tare da sauran yaran unguwa. Ana cikin haka sai ga sallamar surukina, surukata tana biye da shi. Dattijo ne mai barkwanci, kuma a zamaninsa, lokacin da yake sayen auduga ƙauye-ƙauye, ya yi tashen babur. Na durƙusa a bakin ɗakin girki na gaishe su, kaina a ƙasa. Ya zagaya baburin yana shafa tanki, yana cewa ashe dai gawar ta tashi, yaron nan ya fitar da shi kunya. Sai ya hangi jikarsa da kula, ya ce amaryarsa ce za ta taka har ƙetaren rafi da ƙafa alhali angonta yana raye? Ta ce ita ba ta son tsohon miji mai furfura. Ya ce ai tsohon ne mai babur, ta zo ya kai ta ta ga yadda ake tuƙi tun kafin a haifi ubanta. Kowa ya yi dariya.

Na yi magana, kada a ce ban yi ba. Amma ku ji irin maganar. Kaina a sunkuye, da muryar da ko kazar da ke gefena ba ta firgita ba, na ce, "Baba, ai kamar bai gama gyaruwa ba." Kamar! Ni da ledar take rataye a ɗakina! Ya yi dariya ya ce jiya da kunnensa ya ji rurinsa tun daga masallaci, kuma da idonsa ya ga ɗansa ya dawo gona a kai. Na buɗe baki zan ƙara, sai surukata ta riga ni. Cikin wasa ta faɗa, har tana tafa hannu, wai oh ni, yau ga sabon salo, ashe 'yar tata take ji wa tsoro, to a sauke mata abarta kada iska ta taɓa ta, su dai matan yanzu ba su iya ɓoye son ɗan fari ba. Maganar nan ta sauka a kaina kamar an watsa mini ruwan zafi. Shekara tara ina gina suna, ga shi zai rushe a gaban surukina. Kuma ga kashedin maigida a kunnena. Kalma biyu ce rak ta rage in furta, babu birki. Ƙofar ɗakina taku biyar ce daga inda nake durƙushe, da na miƙe na ɗauko ledar na ajiye a gabansa, ko bakina ban buɗe ba zai gane. Ban yi ko ɗaya ba. Na ja mayafina na rufe fuska, irin na mai jin kunya, aka yi mini dariya.

Tsohon ya tura babur ɗin waje, ya ɗora yarinyar a gaba kan tanki, kular tana cinyarta, ya taka ya tashi. Ina jin ƙarar tana nisa. Sai da surukata ta fita sannan na zabura na ɗauki wayata na kira maigidan, wai ko ya aiko a tare su a hanya. Tasa wayar a kashe take, ashe tun daren jiya tana wajen mai caji. Na tsaya a tsakar gida ina karanto duk addu'ar da na sani. Ina roƙon Allah ya yi mini abin da ya ba ni baki da ƙafa in yi da kaina na ƙi.

Kafin rafin akwai gangare, a ƙasansa kuma wata 'yar siririyar gada. Daga baya aka ba ni labari cewa da suka gangaro sai suka tarar da amalanken shanu shaƙe da masara a kan gadar. Tsoho ya taka birki, ƙarfen ya tafi har ƙasa ba abin da ya riƙe. Ya damƙi na hannu, iska ya damƙa. Ya kauce wa shanun, suka zurma cikin kwarin. Shi ya karye a kafaɗa. Ita babur ɗin ne ya danne mata ƙafar dama, cinyar ta karye dab da gwiwa, salansa mai zafi kuma ya kwanta mata a ƙwauri yana ƙona ta har sai da mutane suka zo suka ɗaga.

A kan amalanken nan aka kawo mini ita, kwance a kan masara. Kuma ku ji abin da har yau in na tuna nake jin kamar in mari kaina. Gidan ya cika da mata, kakarta ta rungume ta tana salati, ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa. Ban ƙarasa ba. Ƙafata ta saba tsayawa, sai ta tsaya. Na zagaya bayan ɗaki na cusa gefen zanena a baki na yi kukan da ba wanda ya ji.

Maza suka taru a zaure suka yanke shawara, ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban sa ran a tambaye ni ba. Wai asibiti ba su san komai ba sai yanka, a kira mai ɗori. Ya zo da karare da tsummoki, aka danne ta ya ja ƙafar. Ta ƙwalla ƙara tana kiran Anti, Anti, ina ɗaki ina jinta. Ya ɗaure tamau, har da wajen ƙunar, ya ce kada a kwance sai ya dawo. Na yi makaranta, na san ba a rufe ƙuna haka, na san ɗaurin ya yi tsanani. Na sake yin shiru. Kwana ɗaya, biyu, uku, ina kai kunu ɗakin surukata ina satar kallon yatsun ƙafar. Suka kumbura. Suka fara duhu. A rana ta huɗu wari ya fara tashi, aka ce ai maganin ne yake aiki, aka kunna turaren wuta.

Da safiyar rana ta biyar na shiga na tarar kakar ta fita bayan gida. Na tsuguna na kama babban yatsan, sanyi ƙalau kamar randa. Na matsa da farce na tambaye ta ko ta ji, ta ce me? Wallahi a nan wani abu ya tsinke a ƙirjina. Na zura hijabi na nufi zaure, inda ban taɓa tsayawa ba in da maza. Suna zaune su shida, har da surukina da hannunsa a rataye. Ban durƙusa ba. A tsaye, da muryar da ni kaina ban san ina da ita ba, na kira sunan 'yata cikakke, na ce ƙafarta tana ruɓewa, yanzun nan zan kai ta asibiti ko da goyo ne, wanda zai hana ni ya tashi in gan shi, in kuma takardar saki ce a rubuto ta same ni a can. Wani ƙanin maigidan ya fara cewa wannan wace irin fitsara ce, sai tsohon ya daka masa tsawa ya ce ya tashi ya nemo mota. Shi ke nan fa. Abin da na shekara tara ina tsoro ke nan. Ƙasa ba ta tsage ba.

A asibiti a Funtua, da likita ya yanke tsummokin sai da ya kau da kai. Ya ce da mun ƙara kwana ɗaya ko biyu, da ba zancen ƙafa ake yi ba. Wata malamar asibiti ta dube ni sama da ƙasa ta tambaye ni wai ni ce uwarta kuwa, ina ina har abu ya kai haka. Mun yi makonni a can. Allah ya tsare ƙafar ba a yanke ba, amma likitan ya yi mana bayani cewa karayar ta taɓa daidai inda ƙashin yaro yake ƙara tsawo, ga kuma ɓarnar da ɗaurin ya yi, don haka ɗayar za ta riƙa girma ta bar ta a baya. Haka kuwa aka yi.

Ana nan 'yan dubiya suna ta zuwa, ina jin maigidana yana ba su labari. Wai birki ne ya tsinke a gangare, ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na ji sau ɗaya na haɗiye. Na ji sau biyar. Tsohon kuwa yana can yana cin kansa, yana cewa shi ne da rawar kai irin ta yara, tsufa ya sa ƙafarsa ba ta taka da ƙarfi ba. Ranar da ya samu ƙarfin zuwa dubiya, ya zauna a bakin gadon yana kallon jikarsa, ko tsokanarta ya kasa yi. Ɗansa yana tsaye a gefe. Na ce Baba, birki bai tsinke ba, babu shi ne gaba ɗaya, takalmansa suna rataye a bayan ƙofata, ɗanka ya sani, ni ma na sani tun kana shafa tankin. Sai na ga hawaye yana bin furfurar gemunsa. Ya ce, "'Yar nan, ni dodo ne? Da kin ce mini babu birki, dukanki zan yi?" Na gwammace a ce zagina ya yi.

Tsohon kuwa ko kallon ɗansa bai yi ba, kuma ya yi watanni ba ya amsa masa gaisuwa sai da ka. Maigidan ya yi fushi da ni, wai na tona masa asiri a gaban mahaifinsa. Asiri! 'Yarsa tana kwance da ƙarfe a cinya, shi asirinsa yake ji. Ba zan ce mugu ba ne, don na ga yadda ya rame, kuma har yau in damina ta yi laka shi yake goya ta ya kai ta makaranta. Amma har yau ɗin bai taɓa buɗe baki ya ce laifinsa ne ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda na tarar da muka dawo gida. An jawo baburin daga kwari, an miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe, kuma ga sababbin takalman birki an sa, ga waya a na gaba. Na tambayi matar ƙaninsa yaushe aka yi, ta ce ai ranar kasuwar da ta biyo baya ya sayo, tsakanin azahar da la'asar ya gama ɗaurawa. Tsakanin azahar da la'asar. Yana hawansa har yau. Ni dai ban taɓa ɗora ƙafata a kai ba, ko haihuwar autana a ƙafa na taka zuwa bakin titi.

Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma ina roƙon Allah ya yafe mini in fushina ya wuce iyaka. Amma na gaji da yadda muke ɗauko kalmar nan mu lulluɓe sakacinmu da ita. An karantar da mu a Islamiyya cewa kunya ado ce kuma alheri ce, ba a taɓa karantar da mu cewa ta hana mutum faɗin gaskiyar da za ta tsare rai ba. Abin da na yi ranar nan ba don Allah na yi ba. Don a ci gaba da cewa wance mai kunya ce na yi, kuma ba ni na biya ba, yarinya 'yar shekara takwas ce ta biya.

Ku maza masu sayo matattun babura kuna tayarwa, ban ce ku daina ba, na san halin da ake ciki, na san sabo ya fi ƙarfin talaka. Amma ku fara da abin da zai tsayar da shi kafin abin da zai sa a kalle ku. In bai kammala ba ku cire masa fulogi ku sa a aljihu, ku kuma faɗa wa kowa, dariyar 'yan'uwa ba ta karya ƙashi. Ku iyayenmu surukai, ku san irin wasan da za ku yi wa yarinyar da take durƙushe a gabanku, wataƙila maganar da kuka katse ita ce mai muhimmancin. Ku kuma 'yan'uwana mata, in kun ga haɗari ya nufo ɗanku, na fari ne ko na tsakiya, ku miƙe tsaye ku faɗa da ƙarfi, da sunan abin, ba da "kamar" ba. A ce muku marasa kunya. Za a faɗa a gama, a manta.

Yanzu sunanta nake kira, a gaban kowa, kuma na dawo da ita ɗakina. Ba a daina gulma ba, ban kuma damu ba. Kwanakin baya ina yi mata kitso, tana zaune a gabana ta miƙe gajeriyar ƙafar a kan tabarma, sai na ga ta yi hankalin da za a gaya mata. Na ce mata tun kafin su fita ranar nan na san baburin ba shi da birki, na kasa faɗa, ta yafe mini. Ba ta juyo ba, tana ta wasa da bakin zanenta. Sai ta ce:

"Ai ni ma na sani, Anti. Ina bayan randa ranar da kuke faɗa da Abba. Shi ya sa da Kaka ya ɗauke ni na yi ta kallonki. Da na ga kin yi shiru sai na ce ashe an gyara."